BABI NA UKU: ƊAKIN SINANCI DA MATSALAR "JIN" HARSHE

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo ra'ayoyin masana game da abin da ake kira ma'ana. A wannan babi kuwa za a juya ga wata tambaya da ke maƙwabtaka da waccan, wato idan aka ce mutum ya fahimci magana, me ake nufin ya samu? Domin kada a yi ta shawagi a sarari, an zaɓi hujja guda ɗaya da ta yi fice a fagen falsafar harshe, wadda aka fi sani da hujjar Ɗakin Sinanci ta John Searle, za a bayyana ta, sannan a auna ta da ma'aunin Hausa. Dalilin zaɓen ta shi ne, duk da cewa ba da Hausa aka gina ta ba, abin da take iƙirari ya shafi kowane harshe na duniya. Idan gaskiya ce, to dole ta zama gaskiya a Hausa ma. Idan kuwa tana da ɓaraka, ba mamaki Hausa ta nuna inda ɓarakar take.

3.1 Asalin Hujjar

A shekarar 1950 Alan Turing, masanin lissafi ɗan ƙasar Ingila, ya ba da shawarar a daina gardama a kan ko na'ura tana tunani, a koma ga gwaji. Gwajin shi ne a ɓoye mutum da na'ura, wani ya riƙa yi musu tambayoyi a rubuce. Idan ya kasa bambance wane ne wane, to babu dalilin hana na'urar matsayin da aka ba mutumin. Zuwa ƙarshen shekarun 1970, Roger Schank da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka sun tsara wata manhaja da ake ba ta gajeren labari, kamar na mutumin da ya shiga gidan abinci, sannan a tambaye ta abin da labarin bai faɗa ƙarara ba. Alal misali, an kawo wa mutumin abinci a ƙone, ya fusata ya fita bai biya ba. Shin ya ci? Manhajar takan amsa da cewa bai ci ba. Daga nan wasu suka fara cewa na'urar ta fahimci labarin.

Wannan iƙirari ne Searle, wanda ya daɗe yana koyar da falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya tasam wa a maƙalarsa ta 1980 da ta fito a mujallar Behavioral and Brain Sciences. Ya ce a ƙaddara an kulle shi a ɗaki, shi da bai san ko harafi ɗaya na Sinanci ba. A cikin ɗakin akwai tarin takardu masu rubutun Sinanci, da kuma littafin ƙa'idoji da aka rubuta da Ingilishi, harshen da yake ji. Littafin bai fassara masa komai ba, iyakarsa ya ce idan ka ga alama mai siffa kaza, ka fito da alama mai siffa kaza. Sinawa suna waje suna zuro tambayoyi a rubuce, shi kuma yana duba littafi yana haɗa alamu yana miƙa musu. A ƙaddara littafin ya ƙayatu har amsoshin da ke fita ba su da maraba da na haifaffen Basine. Mutanen waje za su rantse cewa na ciki yana jin Sinanci, alhali shi ya san ko kalma ɗaya bai gane ba.

Abin da Searle ya fitar daga wannan misali shi ne, kwamfuta ba ta yin komai face abin da na cikin ɗakin yake yi, wato juya alamu bisa siffarsu. Tun da shi bai fahimta ba, ita ma ba ta fahimta ba, komai kyan amsarta. A laccocin Reith da ya gabatar a gidan rediyon BBC a 1984 ya taƙaita hujjar da cewa tsarin ginin jumla shi kaɗai bai isa ya samar da ma'ana ba. Ya kamata a lura cewa Searle bai ce na'ura ba za ta taɓa tunani ba, domin a wurinsa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ma na'ura ce. Abin da ya ce shi ne, gudanar da manhaja kawai ba zai wadatar ba, sai an sami abin da ke da irin ƙarfin da ƙwaƙwalwa take da shi na haifar da tunani.

3.2 Inda Hujjar ta Dace

Ko shakka babu, akwai gaskiyar da Searle ya kama, kuma Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya yarda da ita. A dubi gaisuwa:

(1) Ina kwana? Lafiya lau.
Ina gajiya? Ba gajiya.
Ina labari? Sai alheri.

Baƙon da ya kwana uku a Kano yana iya haddace waɗannan ya riƙa mayar da su daidai ba tare da ya san me "gajiya" take nufi ba. Muddin ba a wuce gaisuwa ba, asirinsa a rufe yake. Wannan ƙaramin Ɗakin Sinanci ne, kuma yana nuna cewa dacewar amsa ba ita kaɗai ce shaidar fahimta ba. Haka nan aku yana iya yin sallama, amma ba a taɓa jin wanda ya ce aku yana yi wa mutanen gida fatan aminci ba.

Harnad (1990) ya ƙarfafa wannan gefe da wani misali, inda ya ce a ƙaddara mutum yana son koyon Sinanci amma ba shi da komai sai ƙamus na Sinanci zuwa Sinanci. Duk kalmar da ya duba za ta tura shi ga wasu kalmomi, su ma su tura shi ga wasu, ba zai taɓa sauka a kan wani abu da ya sani ba. Dole ne a wani wuri kalma ta taɓa duniya. Yaron da ke koyon kalmar "wuta" ba daga wata kalma ya koye ta ba, a bakin murhu ya koye ta, wani lokaci har da ƙuna a yatsa. Har zuwa nan mai wannan nazari yana tare da Searle.

3.3 Haddar Littafin Ƙa'idoji

Tun a maƙalar 1980 Searle ya kawo martanin da aka yi masa ya kuma amsa. Mafi shahara shi ne wanda ke cewa lallai mutumin bai fahimta ba, amma ai shi wani ɓangare ne kawai. Abin da ya fahimta shi ne tsarin gaba ɗaya, wato mutum da littafi da takardu a haɗe. Searle ya amsa da cewa to mutumin ya haddace littafin da takardun duka, ya fita daga ɗakin, ya riƙa yin aikin da ka. Yanzu babu wani ɓangare na tsarin da ba ya cikinsa, amma har yanzu bai ji Sinanci ba. Wasu kuma suka ce a saka kwamfutar cikin mutum-mutumi mai ido da hannu domin alamun su haɗu da duniya. Ya ce abin da idon zai aiko wa na cikin ɗaki ai wasu alamun ne kuma, shi bai ma san daga ido suka fito ba.

Amsar hadda tana da saurin shiga ran wanda ya san makarantar allo. A tsarin tsangaya, ɗalibi yakan haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka kafin ya shiga karatun littattafan fiƙihu da nahawu da tafsiri a zaure. Saboda haka ana samun gardin da haddarsa ba ta da makusa, yana iya kama kuskuren wasali ɗaya a bakin mai karatu, yana iya faɗin wuraren da wata kalma ta zo, amma idan aka nemi ya fassara sai ya ce bai kai nan ba tukuna. Ba a faɗi wannan don rage masa daraja ba, kuma da yawa daga alarammomi sun haɗa hadda da Larabci. An kawo shi ne don ya nuna cewa ana iya mallakar lafazi gaba ɗayansa kafin a mallaki ma'anarsa. A zahiri wannan yana goyon bayan Searle.

Sai dai idan aka ƙara dubawa za a ga misalin ya juya masa baya. Gardin da bai yi Larabci ba, idan Balarabe ya tare shi ya tambaye shi hanyar kasuwa, ko ya nemi ra'ayinsa a kan farashin gero, ba zai iya amsawa ba. Haddarsa ta tsaya ga nassi guda sananne. Shi kuwa mutumin Searle an ce yana amsa kowace irin tambaya, sabuwa da tsohuwa, yana iya ba'a, yana iya musu, yana iya gano ƙarya a cikin labari. Wannan ba hadda ba ce irin wadda muka sani. A ganin mai wannan nazari, a nan ne hujjar take yin dabara: tana sa mai karatu ya hango mutum mai 'yan takardu da littafi ɗaya, wanda kowa ya san ba ya fahimtar komai, sannan ta ɗora wa wannan mutum aikin da babu mai 'yan takardu da zai iya yi. Yardar da muka yi cewa bai fahimta ba, daga hoton farko muka ɗauko ta, aka kuma biya da ita bashin hoto na biyu.

Akwai kuma wata matsalar. Bayan ya haddace littafin ya fita titi, idan aka tambaye shi da Sinanci ko yana jin Sinanci, zai amsa da Sinanci mai kyau cewa ƙwarai kuwa. Idan aka tambaye shi da Ingilishi zai ce ko kusa. Baki ɗaya ne ya ba da shaida biyu masu karo da juna. Searle ya karɓi ta Ingilishi ya yar da ta Sinanci, amma bai kawo dalilin yin haka ba face abin da ake gardama a kansa tun farko.

3.4 "Ji" da "Ganewa" a Hausa

Ingilishi, harshen da aka gina hujjar da shi, yana amfani da kalma guda a mafi yawan wuraren da Hausa take rarrabewa. Bahaushe yana da "ji" da "gane" da "sani", ga kuma "fahimta" da aka aro daga Larabci. Wadda ta fi jan hankali ita ce "ji":

(2) a. Na ji ƙara.
b. Na ji zafi.
c. Na ji wari.
d. Yana jin Hausa.
e. Yaron nan ba ya jin magana.

A (2a) zuwa (2c) aikin gaɓoɓin jiki ne. A (2d) iya harshe ne. A (2e) kuwa ba ana nufin yaron kurma ne ba, ba kuma ana nufin bai san ma'anar kalmomin ba. Ana nufin maganar ba ta canza halinsa. Wato a wurin Bahaushe, maganar da ta shiga kunne ba ta fito a aiki ba, ba a ji ta ba. Karin maganar nan da ke cewa "in kunne ya ji, jiki ya tsira" ta ɗaure abubuwan biyu wuri ɗaya: ji yana da amfani ne domin akwai jikin da ke iya halaka.

Dole a yi hattara a nan. Kasancewar kalma ɗaya tana ɗauke da ma'anoni da yawa ba ta tabbatar da wani ra'ayi na falsafa, domin harshe ba kotu ba ne. Abin da misalan ke nunawa kawai shi ne ma'aunin da masu harshen suke amfani da shi yau da kullum idan za su yanke hukuncin wane ya ji, wane bai ji ba. Kuma wannan ma'auni ya yi daidai da abin da Wittgenstein ya kawo a littafinsa da aka buga a 1953, shekara biyu bayan rasuwarsa. A can ya nuna cewa ma'anar kalma, a mafi yawan lokuta, ita ce yadda ake amfani da ita, kuma fahimtar harshe ƙwarewa ce a kan wani aiki. Ya kawo misalin ɗalibin da ake rubuta wa jerin lambobi, can sai ya ce ya gano, zai iya ci gaba. Wannan jin da ya yi a ransa ba shi ne fahimtar ba, domin yana iya jin haka sannan ya kasa ci gaba. Kowane malamin makaranta ya san haka. Idan ɗalibai suka amsa "mun gane" baki ɗaya, malamin kirki ba ya sallamar su, alli yake miƙa wa ɗaya daga cikinsu.

Idan kuwa jin da mutum yake yi a ransa cewa ya gane ba hujja ba ce yankakkiya, to me ya sa jin da mutumin Searle yake yi cewa bai gane ba zai zama hujja yankakkiya? Duk ginin ya tsaya ne a kan shaidar da mutum ya ba da game da cikin kansa. Adalci ne a faɗi cewa Searle ya yarda fahimta hawa-hawa ce, har ya kawo misali da kansa cewa Faransancinsa bai kai Ingilishinsa ba, Jamusancinsa kuma bai kai Faransancinsa ba. Amma ya dage cewa ta kwamfuta sifiri ce tsantsa, kuma ma'aunin da ya kai shi ga sifirin shi ne dai wannan shaida ta cikin rai.

3.5 Habaici da Kinaya

Domin a ga girman abin da ake nema littafin ƙa'idojin ya ƙunsa, a ɗauki habaici. A ƙaddara amarya ta ari zane wurin maƙwabciya ta je biki. Da ta dawo, uwargida tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ta dubi kaza ta ce:

(3) Ke dai kaza, zanen aro ba ya rufe katara.

Mutum huɗu ne suka ji wannan magana. Yaro ɗan shekara biyar ya san zane, ya san aro, wataƙila ya san katara, sai dai yana mamakin yaushe kaza ta fara ɗaura zane. Baƙuwar da ta shigo yanzu ta san karin magana ce, ta san tana nufin abin wani ba ya fid da mutum kunya, ta kuma san ba da kaza ake ba, amma ba ta san da wa ake ba. Maigida da ke zaure ya san da wa ake, ya kuma san dalili, saboda haka ya yi kamar bai ji ba. Amarya kuwa maganar ta soke ta. Duka huɗun suna jin Hausa, amma ba wanda zai ce abu ɗaya suka fahimta.

Masana balagar Larabci sun daɗe da lura da wannan hawa-hawa. Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya bambance ma'ana da ma'anar ma'ana: ta farko ana samun ta daga lafazi kai tsaye, ta biyu kuwa sai an bi ta kan ta farko. Idan Balarabe ya ce wane mai yawan toka ne, sai mai sauraro ya bi daga toka zuwa girki, daga girki zuwa baƙi, kafin ya isa ga karamci. Grice (1957) kuma ya nuna cewa mai magana yana nufin wani abu ne idan yana son ya yi tasiri a kan mai sauraro ta hanyar mai sauraron ya gane cewa hakan ake so. Habaici ya cika wannan sharaɗi cif. Uwargida tana son amarya ta ji ciwo, tana kuma son ta san da gangan aka yi. Tare da haka ta bar wa kanta ƙofar fita, domin idan amarya ta tanka za ta ce, "Na kama sunanki? Ni da kazata nake." Wannan damar janyewa ita ce Grice (1975) ya lissafa cikin siffofin ma'anar da ake cusawa a bayan lafazi. Hausawa sun riga sun rufe ƙofar da cewa mai zagi a kasuwa ya san da wanda yake, mai kaza a aljihu kuma ba ya jimirin as.

To, a ƙaddara an gina Ɗakin Hausa maimakon na Sinanci, aka zura masa (3), ana so ya mayar da abin da amarya mai wayo za ta mayar. Littafin ƙa'idojin sai ya ƙunshi wa ya ari zane, wa ya gani, wace ce babba, ko uwar miji tana kusa, da lokacin da shiru ya fi magana zafi. Littafin da ya ƙunshi duk wannan, yana kuma sabunta shi kullum, kiran aikinsa "juya alamu" daidai yake da kiran aikin uwargida "kaɗa harshe da fitar da iska". Bayanin gaskiya ne, amma an yi shi daga matakin da ba a ganin komai. Leibniz ya kawo irin wannan tun 1714, inda ya ce da za a faɗaɗa na'ura mai tunani har mutum ya shiga cikinta kamar injin niƙa, ba abin da zai gani sai sassa suna tura juna. Haka ma wanda zai shiga ƙwaƙwalwar Searle ba zai ga Ingilishi a ciki ba. Searle ya ce ƙwaƙwalwa tana da ƙarfi na musamman, amma bai bayyana mene ne ƙarfin ba, bai kuma ba da hanyar gane abin da ke da shi da wanda ba shi da shi ba.

Duk da haka, mai wannan nazari bai yarda cewa Ɗakin Hausa zai zama amarya ba. Akwai abin da ya rasa, sai dai ba a inda Searle ya nuna yake ba. Ɗakin ba ya tsarguwa, domin bai ari zanen kowa ba, ba shi da katarar da za ta fito. Baƙuwa da maigida ma ba su tsargu ba, amma sun san mece ce kunya domin su ma ana iya kunyata su, kuma da wannan sanin ne suka auna nauyin maganar.

Fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suke aiki da shi yana ƙara haskaka wannan. Malamai sun raba lafazin saki zuwa sarihi da kinaya. Wanda ya furta sarihi, ba a karɓar cewa wani abu daban ya nufa, domin al'umma ta riga ta san abin da lafazin yake yi. Wannan gefen Wittgenstein ke nan. Amma idan ɓoyayyiyar kinaya ce, kamar miji ya ce wa matarsa "tafi", sai an koma ga niyyarsa. Wannan kuma gefen Grice ne. A duka biyun akwai mutumin da za a kira gaban alƙali, a tambaye shi, hukunci ya hau kansa. Idan Ɗakin ne ya fitar da "tafi", wa za a tambaya? Na ciki zai ce bai san abin da ya miƙa ba, littafi kuma ba a rantsar da shi. Abin mamaki shi ne Searle da kansa ya tanadi wannan ma'auni a littafinsa na 1969 a kan ayyukan da ake yi da magana, inda ya bi sawun malaminsa Austin. A can ya nuna cewa alkawari ba ya zama alkawari sai mai yin sa ya ɗora wa kansa nauyin cikawa. A ganin mai wannan nazari, Searle na 1969 ya fi Searle na 1980 kusa da bakin zaren.

Wani zai ce wannan batun mai magana ne, alhali ana tattauna mai sauraro. Amsa ita ce, a Hausa "na ji" ita kanta ɗaukar nauyi ce. Idan uba ya ce wa ɗansa kada ya kai magariba a waje, ya ce "Ka ji ko?", ɗan ya ce "Na ji, Baba", to ba labarin kunnensa ya bayar ba. Ya ɗaure kansa ne, kuma idan ya saɓa, abin da za a fara tuhumarsa da shi shi ne, "Ba ka ce ka ji ba?"

3.6 Na'urorin Wannan Zamani

Lokacin da Searle ya yi rubutunsa, ɗakin nasa ƙaddarawa ce kawai. A watan Disamba na 2013 kamfanin Google ya saka Hausa cikin harsunan da manhajarsa take fassarawa, a watan Nuwamba na 2022 kuma aka fito da ChatGPT, wadda ake hira da ita a rubuce. Irin waɗannan manhajoji ba littafin ƙa'idoji aka rubuta musu da hannu ba. Rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa aka ba su, suka koyi hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo bayan abin da ya gabata. Bender da Koller (2020) sun farfaɗo da tsohuwar gardamar, suna masu cewa abin da ya koyi siffar harshe kaɗai ba shi da hanyar isa ga ma'ana.

Wasu suna kafa hujja da cewa rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka na'ura ba za ta bambance "gari" na mazauni da "gari" na tuwo ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin kalmomin da ke kewaye sukan warware, kuma a irin wannan aiki ne na'urar ta fi ƙwarewa. Haka nan sakaya irin su "juna biyu" da "ta sauka" da "tana fashin salla", muddin sun yawaita a rubuce, ba abin da zai hana ta kama su. Wurin da wuya take shi ne inda lafazi bai canza ba amma abin da ake nufi ya canza. A ƙaddara likitan da ba ya jin Hausa yana amfani da manhajar fassara, ya tambayi wata dattijuwa yadda jikinta yake, ta ce:

(4) Da sauƙi, alhamdu lillahi.

Fassarar da za ta fito daidai ce, kalma da kalma. Amma Bahaushe yana faɗin (4) ran da ya warke, yana kuma faɗin ta a daren da zai cika, domin ba a son majinyaci ya yi ƙorafi kamar mai butulce wa Ubangiji. Jikarta da ke tsaye a gefen gado ta san wace "da sauƙi" ce wannan, daga jinkirin da aka yi kafin a amsa, da abincin jiya da ba a taɓa ba, da kuma kasancewar surukinta yana cikin ɗakin, wanda a gabansa tsohuwar ba za ta ambaci inda ke mata ciwo ba. Saboda haka jikar za ta jira surukin ya fita, sannan ta bi likitan waje ta gaya masa kada a sallame ta.